Lambar da ba ta da suna

A shekarar 1948, Janar Eisenhower ya fitar da littafinsa Crusade in Europe, kuma aka buga wasu kwafi na musamman ɗauke da sa hannunsa. Bayan shekara takwas, a 1956, Field Marshal William Slim, wanda ya jagoranci Runduna ta 14 a yaƙin Bama, ya wallafa Defeat into Victory. Har gobe masu tara kayan yaƙi a Ingila da Amurka suna farautar irin waɗannan kwafi a wuraren gwanjo. Ɗan layin tawada a shafin farko yakan ninka kuɗin littafi, domin shi ne shaidar cewa hannun mai labarin ya taɓa takardar.

Wannan kasuwa ta ginu ne a kan suna, kuma a nan ne labarin ya shafe mu. Cikin dakarun da suka yaƙi Japan a Bama akwai Runduna ta 81 da ta 82 na Afirka ta Yamma, waɗanda aka ɗebo daga Nijeriya, Gold Coast, Saliyo da Gambiya. Hausa ce harshen aiki a bataliyoyin Nijeriya. Sun yi gumurzu a kwarin Kaladan a 1944, suka shiga Myohaung a Janairun 1945. Sunan barikin Chindit a Zariya da na Dalet a Kaduna daga can suka samo asali.

Galibin waɗannan mazan jiya ba su bar littafi ba. Abin da suka dawo da shi gida shi ne lambar yabo, musamman tauraron Bama. Sai dai akwai matsala. Lambobin Yaƙin Duniya na Ɗaya an sassaƙa musu sunan mai su, amma na yaƙi na biyu Birtaniya ta raba su babu suna. Saboda haka duk lambar da ta rabu da takardunta ta zama marainiya, ba mai iya cewa ƙirjin wa ta taɓa hawa.

Masu tara kayan tarihi sun san haka, shi ya sa suke fifita lambar da ta zo tare da takardar sallama, hoto ko wasiƙa. Ga iyali kuwa, abin ya wuce batun farashi. Takardar sallama ce ke ɗauke da lambar soja da sunan bataliyarsa, kuma da su ake bin sawunsa a ma'ajiyar tarihi.

Idan akwai tsohuwar adakar kaka a gidanku, ku buɗe ta. Kada ku raba lamba da takarda. Ku ɗauki hotonsu tare, ku rubuta sunansa da garinsu, ku tambayi dattawan da suka ji labarin Bama daga bakinsa tun suna raye. Janar-janar sun sa hannu da kansu. Sojan da bai samu wannan dama ba, jikokinsa ne za su rubuta masa sunansa.