Gandu, Gida da Ƙofa: Shaidun Tarihin Birnin Kano

Galibin abin da aka rubuta na tarihin ƙasar Hausa labarin sarakuna ne da yaƙe-yaƙensu. Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya juya da Turanci a shekarar 1908, ya jero sarakuna tun daga Bagauda, amma kaɗan ƙwarai ya faɗa a kan manomi da falke da bawa. Wanda ke son sanin zaman waɗannan mutane, tilas ya nemi shaida a wani wuri. Shaidu uku na kusa da mu, watau gandu da gida da ƙofa.

Mu fara da ƙofa. Tarihin ya ce Sarki Gijimasu (1095 zuwa 1134) ne ya soma ginin ganuwa, Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) ya faɗaɗa ta. Sa'ad da Clapperton ya zo Kano a 1824, ƙofofi 15 ya ƙidaya, ana kuwa rufe su da faɗuwar rana. Ƙofa fa aikinta biyu ne, tsaro da lura da masu shige da fice, kowace kuwa da Sarkin Ƙofa nata. Duk ayarin da ya nufi Kasuwar Kurmi sai ya bi ta ɗayansu, saboda haka wanda ya san ƙofar da fatake suke shigowa ya san hanyar da arzikin gari yake bi.

Sha'anin haraji yana tafe da wannan. An ce a zamanin Kumbari (1731 zuwa 1743) an tsananta karɓar kuɗi a Kasuwar Kurmi har kasuwa ta kusa mutuwa, Larabawa suka tashi suka koma Katsina. Barth, wanda ya zo a 1851, ya rubuta cewa ana biyan wuri 700 a kan kowace tukunyar rini, da wuri 600 a kan kowace itaciyar dabino. Da Turawa suka ci Kano a 1903, suka shigo ta Ƙofar Kabuga, su ma sai suka kafa wuraren karɓar kuɗi daga ayari, har zuwa 1907 da aka soke. Kalmar fito kanta shaida ce. Asalinta ƙetarar da mutum kogi a jirgi, sa'an nan ta faɗaɗa, har yau ake kiran harajin kayan da aka shigo da su ƙasa kuɗin fito.

Sai gida. Gidan Rumfa da Gidan Makama sanannu ne, na biyun ma yanzu gidan ajiye kayan tarihi ne. Haka kuma Gidan Ɗan Hausa, inda Hanns Vischer ya zauna sa'ad da ya buɗe makarantar Nasarawa a 1909. Amma ginin ƙasa yana da wuyar sha'ani ga mai bincike, domin kowace shekara ana yi masa yaɓe, ɗaki ya faɗi a tayar da wani a gurbinsa. Bango ba zai faɗi shekarunsa ba. Abin da ke daɗewa shi ne harsashi da sunan unguwa. Alfindiki daga kalmar Larabci ta masaukin fatake aka samo ta. Dandalin Turawa kuwa ba na mutanen Ingila ba ne, gama a Hausar dā Larabawa ake ce wa Turawa. Ayagi ta Yarabawa ce, Tudun Nufawa da Zangon Barebari da Agadasawa kowace ta faɗi mutanenta da bakinta. Wanda ya fassara tsohon suna da ma'anar yau, lalle zai ɓata.

Na uku shi ne gandu. Kalmar tana nufin gonar da uba da 'ya'yansa suke nomawa tare, tana kuma nufin babbar gonar sarki ko ta mai sarauta wadda bayi suke yi wa aiki. Mazaunin bayin shi ne rinji, jam'insa rumada. Sarki Ibrahim Dabo (1819 zuwa 1846) ya mai da Fanisau ribaɗi, gandayen sarki suka kewaye ta. Abdullahi Maje Karofi (1855 zuwa 1882) ya raya Nasarawa. Dokar Turawa ta 1901 ta 'yanta 'ya'yan da aka haifa bayan fitarta, ta 1936 kuma ta kashe bauta ɗungum a Arewa. Yau Gandun Albasa unguwa ce cikin gari, sunan kaɗai ya saura. A nan ake bukatar hankali, domin jikokin mutanen rinji suna nan da rai, ba kowa ke so a tono asalinsa ba. Ladabi ya wajaba ga mai tambaya, haka kuma riƙon amana.

To, ƙaƙa za a yi aikin? Da fari a taka wurin da ƙafa, a zana taswirarsa. Sa'an nan a zauna da dattawa, kowane shi kaɗai, a rubuta maganarsa yadda ya faɗe ta, da karin harshensa, kada a gyara. Daga nan a gwama da takardu, kamar rahotannin kimanta haraji na Razdan da Di'o da ke ma'ajiyar takardun tarihi ta Kaduna, da littattafan alƙalai inda ake samun shari'ar gado da ta iyakar gona. Inda baki da takarda suka saɓa, a rubuta duka biyu, a bayyana dalilin fifita ɗaya.

Abin yana bukatar hanzari. A 2010 an rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa don faɗaɗa hanya, ganuwa kuma gidaje sun ci wurare da yawa daga cikinta. Malaman kwalejojin horon malamai su ne suka fi kowa damar ceton abin da ya rage, domin ɗalibansu daga kowane lungu suke zuwa. In kowane ɗalibi ya koma gida hutu ya rubuto sunayen gonaki da kufai da ƙofofin garinsu, da abin da tsofaffi suka ce a kansu, cikin 'yan shekaru za a tara abin da za a rubuta tarihin talakawan ƙasar nan da shi.