Sawakin, Birnin Murjani a Gaɓar Bahar Maliya

Maniyyatan ƙasar Hausa da suka bi hanyar ƙasa a zamanin da, suka ratsa Barno da Wadai da Darfur, suna yada zango suna ƙwadago domin neman guzuri, da yawansu a Sawakin suka fara ɗora ido a kan teku, domin daga nan ake ƙetarawa zuwa Jidda. Sawakin tsibiri ne ƙarami a gaɓar Sudan, wanda ya shiga hannun Turkawan Usmaniyya a ƙarni na 16, ya kuma bunƙasa da tijara har tajirai suka cika shi da benaye masu hawa biyu da uku.

Abin al'ajabi shi ne da dutsen murjani aka gina su, wanda ake sarowa daga teku, a jera, a yi masa yaɓen farar ƙasa, sa'an nan a ƙawata fuskar gida da tagogin katako masu sassaƙa da ake kira rawashin, inda iska ke shiga, matan gida kuwa su ga titi ba tare da an gan su ba. Amma murjani dutse ne mai rauni, mai shan raɓa da gishiri, kuma muddin aka daina sabunta masa yaɓe, sai ya riƙa ruɓewa daga ciki har bango ya zube.

Sawakin ta jure yaƙin da jagoran mayaƙa Usman Digna ya gwabza da Turawan Ingila a shekarun 1880, amma sakaci ya ci ta. Da aka buɗe tashar Bur Sudan a 1909, saboda mashigin Sawakin ya yi wa manyan jirage ƙunci, sai tajirai suka ƙaura, suka kulle gidajen, magina ma suka watse da iliminsu, wanda a ganina shi ne hasarar da ta fi ciwo, domin bango ana iya tayar da shi in da mai sanin sirrinsa.

Hukumar TIKA ta Turkiyya ta gyara masallatan Hanafiyya da Shafi'iyya, kuma a Disambar 2017 Shugaba Erdogan na Turkiyya ya ziyarci tsibirin da alkawarin farfaɗo da shi. Aiki ne abin yabo, sai dai mafi yawan gidajen sun riga sun zama kufai, ga shi kuma yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 ya ɗauke hankalin hukuma daga kansu.