Tsohuwar Fijo ta gindin darbejiya: tarihin mota da hanyar kayan gyaranta



Duk wanda ya taso a layinmu ya san farar Fijo 504 ɗin nan da ta yi shekara da shekaru a gindin darbejiya, tayoyinta sun nutse a ƙasa, kaji suna ƙwai a kujerar baya. Da mai ita ya rasu, Allah ya jiƙansa, aka kira mu rabon gado. An lissafa gida, an lissafa gona da shago, da aka zo kan motar sai babban ɗan ya ce: "Malam, wannan ai ba dukiya ba ce, 'yan gwangwan sun riga sun taya." Ƙaraminsu kuwa ya sunkuyar da kai, ya ce shi dai a cikinta aka kai shi makaranta ranar farko.

Muka ce a dakata. Mota ko ta mutu tana cikin gado, babu magajin da zai sayar da ita shi kaɗai, babu kuma wanda zai riƙe ta don ƙauna alhali sauran suna da haƙƙi a ciki. Aka kira makanikai biyu suka yi mata kuɗi, ƙaramin ya biya 'yan uwansa kasonsu, ta zama tasa. Daga nan aikin tayar da ita ya faro, kuma wahalar neman kayanta ce ta sa muka koma bincike: yaya aka yi mota ta zo garin nan, kuma ta wace hanya kayan gyaranta suke biyo ta? Abin da muka gano shi ne, mota ba ta mutuwa don tsufa kawai. Ranar da hanyar kayan gyaranta ta toshe, ranar ta mutu.

Mu fara daga ƙofar kanta. Tun da Malam Yakubu ya kafa garin nan a farkon ƙarni na 19 aka kewaye shi da ganuwa, Ƙofar Dumi tana cikin ƙofofinsa, tare da irin su Ƙofar Ran, Ƙofar Wunti da Ƙofar Wambai. Abin da yake shiga ta nan a lokacin jaki ne da takarkari da 'yan dako. Da Turawa suka zo, jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911. Suka kuma shimfiɗa wani ɗan siririn layi daga Zariya zuwa Jos saboda kuza, suka sa masa sunan Bauchi, amma abin dariya bai taɓa zuwa garin Bauchi ba har aka rufe shi a 1957. Saboda haka duk wani ƙarfe mai nauyi sai ya sauka a Jos, sannan babbar mota ta gangaro da shi. Sai a 1961 dogo ya iso mana, a layin da ya taso daga Kuru ya wuce Gombe ya tsaya Maiduguri a 1964. Bankin Duniya ne ya ba da rancen dala miliyan 28 a 1958 saboda aikin jirgin ƙasa, lokacin ɗan garin nan, Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, yana Firayim Minista. Kafin nan ma ya riƙe ministan sufuri.

Motocin wancan zamani galibi na Ingila ne: Bedford, Austin, Morris, da Landiroba ta su joji da ma'aikatan En'e. Manyan kuwa kai da shasi kawai ake kawowa, kafintocinmu su ɗora musu bodin katako, mai fenti ya rubuta karin magana a goshi. Duk sitiyarinsu a dama yake, domin a hannun hagu ake tuƙi a lokacin. Ranar 2 ga Afrilu 1972 ƙasar nan ta koma tuƙin hannun dama. To ga wata alama ga mai son sanin shekarun tsohuwar mota: in ka leƙa ka ga sitiyari a dama, mai yiwuwa ta girmi wannan rana. Tamu ta gindin darbejiya a hagu nata yake.

Fijo 404 ta fito a Faransa a 1960, ita kuwa 504 a 1968. Abin da ya sa suka karɓu a Afirka ba kyau ba ne kawai. Ƙasansu a ɗage yake, ƙafafunsu suna shanye gargada, tayoyin baya ke tura su, injin mai fistin huɗu ne wanda makanike zai sauke a gindin bishiya da sifana da guduma. A tseren motoci na Safari da ake yi a gabashin Afirka, 404 ta ci a 1963, ta sake ci sau uku a jere daga 1966 zuwa 1968, 504 kuma ta ci a 1975. Direbobinmu na tasha ba su san da wannan tsere ba, amma sun san wagon mai kujera layi uku za ta je Kano ta Ningi ta dawo ba ta yi tari ba.

A 1975, zamanin Janar Yakubu Gowon, kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kakuri ta Kaduna. A nan ne tarihin jigilar kaya ya yi abin mamaki. Tashar jiragen ruwa ta Legas ta cushe a shekarun nan, jirage ɗauke da siminti suna wata da watanni a kan ruwa suna jiran layi. Sai aka koma sama: ana kwaso sassan motar daga masana'antar Faransa, a loda su a jirgin sama a birnin Liyon, ya sauke a Kano, manyan motoci su kai Kaduna a ɗaure. An yi shekaru ana haka. Ka ji fa, ƙofa da bonet da injin da muke ganin sun ruɓe a layinmu, ta yiwu a jirgin sama suka ƙetare Sahara, tun mai motar bai taɓa shiga jirgi ba.

Lokacin kuma ya dace da kuɗi a hannu. Ƙarin albashin Udoji ya shigo, man fetur yana tsada a duniya, sannan ranar 3 ga Fabrairu 1976 Janar Murtala Muhammad ya ƙirƙiro Jihar Bauchi. Garin ya cika da ma'aikata, gwamnati tana ba da rancen mota, Fijo ta zama motar ofis da ta gida da ta haya. Mu ma aka ba mu namu rabon: a ƙarshen shekarun 1970 aka buɗe kamfanin Steyr a nan Bauchi, haɗin gwiwa da mutanen Ostiriya, ana haɗa manyan motoci da taraktoci. Legas tana haɗa Volkswagen, Ibadan Leyland, Kano Fiat, Inugu manyan Marsandi. A shekarun nan in fitilar 504 ta fashe, sabuwa dal za ka saya a kwali, ba ka bar garin ba.

Daga 1986 labari ya sauya. Aka shigo da tsarin tsuke bakin aljihu, darajar Naira ta faɗi, sassan da ake sayowa da kuɗin waje suka yi tsada, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci. Masana'antun suka yi ta ja da baya, har da tamu ta nan gida. Sai wasu hanyoyi biyu suka ɗauki nauyin. Ta farko ta hamada ce: tun shekarun 1970 samarin Turawa suke tuƙo tsofaffin Fijo daga Faransa, su ratsa Aljeriya ta Tamanrasset, su shigo Nijar ta Arlit da Agadas, su sayar su koma gida a jirgi. Rikicin Aljeriya da tawayen arewacin Nijar a farkon shekarun 1990 suka kashe wannan hanya. Ta biyu ta ruwa ce: motocin hannu da tsofaffin injuna daga Turai, suna sauka a Kwatano su shigo ta iyaka. Daga nan muka samu kalmomin da muke faɗa yau, mota 'yar Kwatano, inji ɗan Beljiyam. Wannan ma gwamnati ta hana shigo da mota ta iyakar ƙasa daga 1 ga Janairu 2017. Ita kuwa Kaduna ta ɗaure 504 ta ƙarshe a 2006. Tun daga ranar, sau da yawa abin da 504 za ta sa, daga jikin wata 504 za a ciro shi, ko daga tsohon kayan da ya kwana a shago.

Wannan shi ne halin da yaron nan ya tarar. Wani dattijon makanike da ya yi ƙuruciyarsa a kan Fijo ya ce masa: "Ɗana, kada ka kuskura ka sa mata batir ka murɗa makulli. Injin da ya daɗe a kwance kamar mai azumi ne, ba a fara masa da tuwo." Aka cire filogi aka ɗiga mai a ramukan, aka bar shi kwanaki, sannan aka juya injin da hannu don a ji ko fistin ya kama. Aka sauke tanki aka wanke tsohon fetur da ya zama danƙo, aka kwance kafireto, aka kai lagireto aka wanke, aka sake duk robobin burki. Inji ya tashi. Amma ƙasan motar tsatsa ta cinye shi, ƙofa ɗaya ta lalace, gilashin gaba ya tsage.

Nan aka shiga neman kaya. Kanana an same su a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano da Panteka ta Kaduna. Yadda ake yi yanzu, ka ɗauki hoton abin ka tura a waya, mai shago ya turo maka hoton nasa, in kun daidaita ya kai tasha ya ba direba, ya turo maka lambar motar, kai kuma ka je tashar Muda Lawal ka jira. Mun koyi darasi a nan. Gilashin farko da aka aiko an naɗe shi a buhu kawai, aka kwantar da shi aka ɗora kaya a kai, ya iso a farfashe, mai aikowa ya ce laifin direba ne, direba ya ce shi ba a faɗa masa gilashi ba ne. Na biyu sai da aka yi masa akwatin katako, aka tsayar da shi a tsaye, aka kuma biya kuɗin kujera guda dominsa.

Manyan kaya kuwa, dattijon ya ce sayen ɗaya ɗaya asara ce, a nemo wata matacciyar 504 a ciri abin da ake so. Aka samu wata a wani ƙauye ta hanyar Darazo. Yadda aka kawo ta abin a rubuta ne. Motar janwe ta yi tsada, ja da igiya kuma ganganci ne ga motar da ba ta da burki. Sai aka samu babbar mota da ta sauke hatsi za ta dawo fanko, aka kai ta tudun da ake lodin shanu a kara, ta ja da baya ta manna, matasa suka tura matacciyar ta shige. Aka sa duwatsu da katako a tayoyi, aka ɗaure ta da sarƙa ta gatari gaba da baya. Kafin a taso mun nace sai an rubuta takardar ciniki da shaidu, da lambar shasi da ta inji, da sa hannun mai unguwar ƙauyen. A shinge biyu aka tsayar da su, kuma takardar nan ce ta raba su da zargin sata. Duk mai niyyar ɗauko tsohuwar mota ya riƙe wannan: takarda kafin sarƙa.

Wani zai ce, Malam, duk wannan wahala a kan gwangwani? Tambaya ce mai kyau, kuma ba mu ce kowa ya yi ba. Mai iyali da ba shi da hali, ko gadon da marayu ke jiran kuɗinsa, a sayar shi ya fi. Kuɗin da yaron nan ya kashe zai iya sayen ƙaramar mota mai shan mai kaɗan. Amma a duba ɗaya gefen. Marsandin da aka harbe Janar Murtala a cikinta ranar 13 ga Fabrairu 1976 tana nan a gidan tarihi na Onikan a Legas, yara suna zuwa suna ganin ramukan harsashi da idonsu. A kabarin Tafawa Ɓalewa a nan garin an adana kayan da ya yi amfani da su. Na manya ke nan. Mu talakawa wa zai ajiye mana namu? Kullum muna ganin manyan motoci suna fita da tarkacen ƙarfe zuwa masana'antun narkarwa, a ciki har da akori-kurar 404 da ta yi shekara talatin tana kai masara kasuwa. A kilo ake auna ta. In an narkar da ta ƙarshe, jikokinmu ba za su yarda an taɓa ɗaure mota a Kaduna ko babbar mota a Bauchi ba.

Roƙonmu kaɗan ne. Wanda yake da tsohuwar mota a bayan gida, kafin ya kira 'yan gwangwan ya sanar da makanikan unguwa, ko ba za a tashe ta ba, fitilunta da gilashi da mariƙin ƙofa za su raya wata, kuma kuɗin ya fi na kilo. A ɗauki hotonta, a ajiye takardunta. Samarinmu masu koyon gyara su zauna da dattawan da suka san kafireto tun suna raye, domin na yanzu kwamfuta suka sani.

Ita dai ta gindin darbejiya ta tashi. Ranar Juma'ar da ta wuce yaron ya ɗauki mahaifiyarsa a cikinta suka je gaida 'yan uwa a Wunti, Hajiya ta zauna a kujerar da ta saba zama, ba ta ce komai ba har suka dawo. Saura abu biyu: fitilar baya ta hagu da tambarin zakin nan na gaba. 'Yan uwanmu na Sabo ta Ibadan, da na Agege, da na Maraɗi inda Fijo ta daɗe tana aiki, duk wanda ya ci karo da su a wani shago ya taimaka ya bar saƙo wurin masu wannan mujalla. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya kiyaye mu a kan hanya.