Masu fasaha a kantunan da aka rufe: tarihin wani aro

Tsakanin ƙarshen Disamba na 2008 da farkon Janairu na 2009, kamfanin Woolworths ya rufe kantunansa sama da 800 a ƙasar Birtaniya, ma'aikata kimanin 27,000 suka rasa abin yi. Tun 1909 kamfanin yake ciniki a ƙasar, har ya zamana da wuya a sami garin da babu kantinsa a babban titin kasuwa. Karayar tattalin arziki ta waccan shekara ta tafi da shi tare da wasu da dama, aka wayi gari tsakiyar garuruwa cike da ƙofofi a garƙame. A wannan yanayi ne hukumomi suka tuna da masu zane, masu sassaƙa da ƴan wasan kwaikwayo, suka ce a ba su aron wuraren.

Dabarar ta girmi wannan karaya. A Disamba na 1961, Claes Oldenburg ya kama hayar wani ƙaramin shago a wata unguwar talakawa ta birnin Niyok, ya cika shi da siffofin riguna, takalma da abinci waɗanda ya ƙera ya shafa musu fenti, yana sayarwa da kansa kamar kowane mai kanti. A 1993 kuma, Tracey Emin da Sarah Lucas suka riƙe wani shago a titin Bethnal Green na gabashin Landan tsawon wata shida, suna sayar da ƙananan abubuwan da suka yi da hannu. Abin da ya kai su can a bayyane yake: haya ta yi araha, kuma mai wucewa wanda bai taɓa taka gidan baje kolin zane ba yana iya leƙowa ba tare da jin nauyi ba.

Abin da ya sauya bayan 2008 shi ne shigowar gwamnati da masu gine-gine, kuma kowa da lissafinsa. Tun daga Afrilu na 2008, doka a Ingila ta ɗora wa mai kanti cikakken haraji idan kantin ya wuce wata uku babu kowa a ciki, alhali ƙungiyar agaji da ta shiga wurin tana samun rangwamen kashi 80 cikin 100. Ke nan mai gini yana da riba idan ya miƙa makulli ga ƙungiyar fasaha mai rajista: nauyin haraji ya sauka daga kansa, ya kuma sami masu share wuri da tsare shi daga ɓarayi. A Afrilu na 2009 gwamnati ta ware fam miliyan 3 don taimaka wa garuruwa su raya irin waɗannan kantuna. Aka ga wuraren da dā ake sayar da takalma sun koma ɗakunan zane, azuzuwan yara da dandalin wasan kwaikwayo.

A can ƙasar Ostireliya, garin Newcastle ya bi hanya mai kama da wannan. Girgizar ƙasa ta 1989 da rufe babbar masana'antar ƙarfe a 1999 sun bar titin Hunter kusan kufai. A ƙarshen 2008 Marcus Westbury ya kafa shirin Renew Newcastle bisa yarjejeniya mai sauƙi: mai fasaha ya shiga kanti da kuɗi kaɗan, ana sabunta izininsa duk kwana 30, ranar da ɗan haya mai biya ya zo kuwa sai ya tattara kayansa. Sauƙin sharaɗin ne ya sa masu gine-gine suka yarda, garuruwa da yawa kuma suka kwaikwayi tsarin.

To amma a cikin wannan sharaɗi raunin al'amarin yake. Masu fasaha sukan gyara wuri, su jawo jama'a, titi ya farfaɗo. Da ya farfaɗo sai haya ta tashi, su ne kuma na farkon fita. Yankin gabashin Landan inda Emin da Lucas suka sami shago da araha ya zama daga baya wurin da matashin mai zane ba ya iya biyan hayarsa. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Labarin gida mai lamba 59 a titin Rivoli na birnin Paris ya ƙare daban. Ranar 1 ga Nuwamba 1999 wasu masu zane uku suka kutsa cikin wannan bene da bankin Crédit Lyonnais ya bari, a ɗaya daga cikin manyan titunan ciniki na birnin, suka buɗe shi ga jama'a kyauta. An yi yunƙurin korarsu, amma bayan zaɓen Bertrand Delanoë a matsayin magajin gari a 2001, hukumar birnin ta sayi ginin, ta gyara shi, aka sake buɗe shi a 2009 da ɗakunan aiki kimanin 30. Wurin ya ɗore ne saboda ya fita daga hannun kasuwa.

Malamai da ƙungiyoyin raya al'adu, waɗanda sau da yawa suke aiki a ɗakin da wani ya ara musu, suna da abin dubawa a nan. Aron wuri yana da amfani na gaske, domin yana kai fasaha inda jama'a suke zirga-zirga, yana kuma bai wa matashi damar gwada kansa ba tare da jari ba. Sai dai ya kamata a rubuta sharuɗɗa tun ranar karɓar makulli: tsawon wa'adi, wanda zai biya wuta da ruwa, makomar gyaran da aka yi, da kwanakin sanarwa kafin a tashi. Ya kamata kuma a adana hotuna da sunayen waɗanda suka yi aiki da adadin baƙin da suka zo, domin da wannan shaida ce ƙungiya za ta tunkari magajin gari ranar da take neman wuri nata na kanta.