Ranar Haɗin Kai da 'Yanci: Yadda yajin aikin 1980 ya zama bikin ƙasa a Poland

A ranar 31 ga Agustan kowace shekara ne Poland ke bikin Ranar Haɗin Kai da 'Yanci, wadda majalisar dokokin ƙasar ta ayyana a 2005. Ba ranar hutu ba ce, amma akan gudanar da taruka da ajiye furanni, musamman a birnin Gdansk, inda gwagwarmayar ta samo asali.

A ranar 14 ga Agustan 1980, ma'aikatan masana'antar ƙera jiragen ruwa ta Lenin da ke Gdansk suka tsunduma yajin aiki, bayan korar Anna Walentynowicz, mai sarrafa injin ɗaga kaya, watanni kaɗan kafin ta yi ritaya. Dama jama'a na cike da fushi kan ƙarin farashin nama. Lech Walesa, ma'aikacin lantarki da aka kora a 1976, shi ya jagoranci yajin.

Ma'aikatan sun rubuta buƙatu 21 a kan allunan katako. Ta farko ita ce 'yancin kafa ƙungiyar ƙwadago da ba ta ƙarƙashin jam'iyyar kwaminis mai mulki, wadda ke iƙirarin cewa ita ce muryar ma'aikata. Ranar 31 ga Agusta, Walesa da mataimakin firaminista Mieczyslaw Jagielski suka rattaba hannu kan yarjejeniyar da ta amince da hakan. Daga nan aka kafa ƙungiyar Solidarnosc, wato Haɗin Kai, wadda mambobinta suka kusa miliyan 10.

Ranar 13 ga Disamban 1981, Janar Wojciech Jaruzelski ya ƙaƙaba dokar soja, aka tsare shugabannin ƙungiyar, daga baya aka haramta ta. Duk da haka ta ci gaba da aiki a ɓoye har gwamnati ta amince da tattaunawa a 1989. A zaɓen watan Yunin shekarar, 'yan takararta suka lashe kujeru 99 cikin 100 na majalisar dattawa. Walesa ya zama shugaban ƙasa a Disamban 1990.

Sai dai sauyin bai zo wa ma'aikata da sauƙi ba. Bayan komawa tsarin kasuwa, da yawa sun rasa ayyukansu, kuma a 1996 aka ayyana masana'antar ta Gdansk a matsayin wadda ta durƙushe. Har yau 'yan Poland na muhawara kan waɗanda suka fi cin gajiyar nasarar 1980.