Babi na Uku: Tarihin Taƙaddamar Wajabta Zuzzurfan Lissafi a Makarantun Sakandare na Nijeriya

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin yadda ilmin boko ya shigo ƙasar Hausa da irin darussan da aka fara koyarwa. A wannan babi kuwa za a bi diddigin darasi guda ɗaya, wato lissafi, domin a ga yadda hukumomin ilmi na Nijeriya suka sha fama da wannan tambaya: shin ya dace a tilasta wa kowane ɗalibi na manyan azuzuwan sakandare ya karanci zuzzurfan lissafi, ko kuwa a bar shi ga masu buƙata? Abin da ake nufi da zuzzurfan lissafi a nan shi ne wanda ya zarce lissafin gama-gari, ya shiga fannoni irin su kalkulas da lissafin motsin abubuwa da ƙididdiga mai zurfi, wato darasin da ɗalibai suke kira Foda Mas. Ra'ayin wannan bincike shi ne, a duk lokacin da aka ƙara wa ɗalibai nauyin lissafi da ƙarfin doka, yawan ƙwararrun malamai ne ya riƙa yanke hukuncin ko dokar za ta yi aiki ko za ta tsaya a takarda.

3.1 Lissafi Kafin Samun 'Yancin Kai

Tun kafin zuwan Turawa, malaman ƙasar Hausa sun san ilmin hisabi, musamman saboda rabon gado da fitar da zakka da sanin lokutan shekara. Akwai ma waɗanda suka yi nisa ƙwarai. Alal misali, Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkashinawi ya rubuta littafi a kan lissafin hatimi a shekarar 1732, ya kuma rasu a Alƙahira a 1741. Sai dai abin lura shi ne, a tsarin makarantun zaure ba a ɗora wa kowane almajiri hisabi. Wanda ya sauke Alƙur'ani, ya yi nisa a fiƙihu, shi ne yake neman malamin da ya shahara a fannin, ko da kuwa sai ya yi tattaki zuwa wani gari.

Makarantun da Turawa suka buɗe, tun daga ta Ɗanhausa a Nassarawar Kano a 1909 har zuwa Kwalejin Katsina wadda aka yi bikin buɗewa a 1922, sun fi mayar da hankali ga lissafin da zai amfani malamin haraji da ma'aji da malamin makaranta. Da sakandare ta kafu sosai, sai lissafi ya rabu hawa-hawa. Akwai na gama-gari wanda ya ƙunshi lissafin lambobi da aljabara da jometiri. Akwai kuma wani ƙari da ake kira Adi Mas, wanda ɗalibai masu hazaƙa kaɗai suke ɗauka a jarrabawar Hukumar WAEC, hukumar da aka kafa a 1952. Sama da wannan sai karatun aji shida na shekara biyu, inda masu niyyar shiga jami'a suke zurfafawa. Ta irin wannan siririyar hanya aka sami mutane kamar Chike Obi, da Iya Abubakar wanda ya zama farfesan lissafi a Jami'ar Ahmadu Bello, ya kuma shugabance ta daga 1975 zuwa 1978. Hanyar ta fitar da gwanaye, amma mutane ƙalilan ne suka bi ta.

3.2 Lissafin Zamani da Rushewarsa

Yunƙuri na farko na ɗora wa kowa sabon lissafi daga ƙasashen waje ya taso. A watan Oktoba na 1957 Tarayyar Sobiyat ta harba tauraron ɗan'adam mai suna Sputnik. Wannan ya tayar wa Amurka hankali, ta ga kamar an tsere mata a fagen kimiyya, don haka ta shiga yi wa manhajar lissafi garambawul. Daga nan guguwar ta iso Afirka. Tun daga 1962 aka riƙa tara masana daga Amurka da Ingila da ƙasashen Afirka masu amfani da Ingilishi a garin Entebbe na ƙasar Yuganda, suna rubuta sababbin littattafai. A Nijeriya, Grace Alele-Williams, wadda ta sami digirin digirgir a Jami'ar Chicago a 1963, tana cikin waɗanda suka jagoranci gwada wannan manhaja a makarantun Legas, kafin ta bazu zuwa wasu jihohi a farkon shekarun 1970.

Manufar Lissafin Zamani, kamar yadda aka kira shi, ita ce yaro ya fahimci dalilin da ya sa ƙa'ida take aiki maimakon ya haddace ta kawai. Saboda haka aka kawo nazarin rukunin abubuwa da alamominsa, da ƙirga bisa tushen biyu ko biyar maimakon goma, da wasu batutuwa waɗanda a da sai a manyan makarantu ake jin su. A takarda manufar ba ta da aibu. Matsalar ta taso ne a cikin aji. Malamin da aka horar a tsohon tsari, aka ba shi bitar 'yan makonni, shi aka ce ya koyar da abin da shi kansa bai gama fahimta ba. Iyaye kuma suka wayi gari ba sa iya taimaka wa 'ya'yansu da aikin gida, har da waɗanda suka yi boko. Sai koke ya yi yawa cewa yara suna zana da'irori suna cusa alamomi a ciki, alhali ba su iya sau ba, ba su iya raba kuɗi ba.

Ana cikin haka sai gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta ga kowa a watan Satumba na 1976. An yi tsammanin yara kimanin miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya, sai ga kusan miliyan 3. Dole aka ɗebi malamai cikin gaggawa, da yawansu ba su kammala horo ba. A watan Janairu na 1977, a wani taro da aka yi a Benin, Kwamishinan Ilmi na Tarayya, Kanar Ahmadu Ali, ya ba da sanarwar soke Lissafin Zamani. Yadda aka kawo shi daga sama, haka aka kashe shi daga sama. Masana da dama sun ji zafin wannan mataki, suna ganin an jefar da tsakuwa har da gero, tun da yake wasu batutuwan suna da amfani, kuma lalle daga baya an dawo da nazarin rukuni da tushen ƙirga cikin manhaja ba tare da wata hayaniya ba. A ganin mai wannan bincike, ɓangarorin biyu duk sun kauce wa ainihin zancen. Da an ɓata shekarun nan wajen horar da malamai kafin a buga littattafai, da wataƙila ba a kai ga taron Benin ba.

3.3 Tsarin 6-3-3-4 da Makarantun Kimiyya na Kano

Taron ƙasa kan manhaja da aka yi a Legas a 1969 shi ne ya haifar da Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977, wadda aka yi wa kwaskwarima a 1981. Wannan manufa ta raba sakandare gida biyu, ƙarama da babba, kowace shekara uku, aka kuma fara aiki da ita a 1982. A ƙarƙashinta aka yi wa tambayar wannan babi amsa mai fuska biyu. Lissafin gama-gari ya zama wajibi ga kowane ɗalibi har ƙarshen babbar sakandare. Zuzzurfan lissafi kuwa, wanda aka tsara manhajarsa a 1985 domin ya maye gurbin Adi Mas, aka bar shi a matsayin zaɓi. An yi jarrabawar kammala babbar sakandare ta farko a 1988, karatun aji shida kuma ya ɓace daga makarantun gwamnati.

Ɓacewar aji shida ta bar giɓi. Ɗalibin injiniyanci, wanda a da yake isa jami'a da kalkulas na shekara biyu a kansa, sai ya koma yana isa da lissafin gama-gari kawai idan makarantarsu ba ta koyar da Foda Mas. Daga nan malaman jami'a suka fara kiran a wajabta darasin, ko da ga ɗaliban kimiyya ne. Hujjarsu tana da ƙarfi, domin manufar ilmi da kanta ta ce a ware kashi 60 cikin ɗari na guraben jami'a ga kimiyya, 40 ga sauran fannoni. To amma lokacin ya zo daidai da tafiyar malamai. Jihohin Arewa sun daɗe suna dogara da malaman lissafi da kimiyya 'yan kwantiragi daga Indiya da Pakistan da Filifin da Masar da Gana. Korar baƙi ta 1983 ta kwashe 'yan Gana masu yawa, faɗuwar darajar naira bayan 1986 kuma ta sa sauran suka tattara nasu ya nasu. Makarantu da dama suka koma jiran masu yi wa ƙasa hidima, waɗanda shekara ɗaya tak suke yi su wuce. Kalmar zaɓi a nan ta zama suna kawai, domin ɗalibi ba ya zaɓar abin da babu mai koyar da shi.

Jihar Kano ta bi wata hanya dabam wadda ta cancanci a tsaya a kanta. A 1977, shekarar da aka soke Lissafin Zamani, ta kafa hukumar makarantun sakandare na kimiyya, ta buɗe makarantu biyu a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa. Maimakon a raba 'yan malaman da ake da su ko'ina, sai aka tara su wuri ɗaya da kayan aiki, aka riƙa zaɓo ɗalibai daga sauran makarantu ta hanyar jarrabawa. Likitoci da injiniyoyi masu yawa na Kano da Jigawa daga waɗannan makarantu suka fito, wasu jihohi ma suka kwaikwayi tsarin. An soki shirin da cewa yana fifita 'yan tsiraru, kuma sukar tana da tushe, domin yaron da ya faɗi jarrabawar zaɓe yana ɗan shekara goma sha huɗu kusan an rufe masa ƙofar kimiyya ke nan. Duk da haka, shi ne shiri ɗaya a wannan tarihi da ya fara tanadar malami kafin ya ɗora wa ɗalibi kaya.

3.4 Daga 2011 Zuwa 2025

Abin mamaki shi ne, wajabcin da aka daɗe ana muhawara a kansa ya shigo ta bayan gida ba tare da an kira shi da sunansa ba. A sabuwar manhajar babbar sakandare da Hukumar NERDC ta fara aiwatarwa a 2011, an tsamo wasu batutuwa na zuzzurfan lissafi, kamar farkon kalkulas da matiris da mantiƙin lissafi, an zuba su cikin lissafin gama-gari wanda yake kan kowa. Wato ɗalibar da take shirin karanta Hausa ko shari'a ita ma sai ta gamu da su a aji uku. Inda akwai ƙwararren malami, ɗalibai sun amfana. Inda babu, abin da malamai suka saba yi shi ne su tsallake waɗannan babuka, su dogara da cewa ɓangaren ƙarshe na takardar jarrabawa yana ba ɗalibi damar zaɓar tambayoyin da zai amsa.

Ba Nijeriya kaɗai ke wannan kai-komo ba. A watan Janairu na 2023 Firayim Ministan Birtaniya, Rishi Sunak, ya ce yana son kowane ɗalibi a Ingila ya ci gaba da lissafi har ya kai shekara 18, aka kuwa tare shi da tambayar inda zai samo malamai. Gwamnatin da ta gaje shi ta jingine shirin a 2024.

A watan Oktoba na 2025 Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya, ƙarƙashin Minista Tunji Alausa, ta fitar da sababbin ƙa'idojin shiga manyan makarantu. A cikinsu aka cire sharaɗin samun kiredit a lissafi ga masu neman karanta fannonin adabi da makamantansu a jami'a, aka bar shi ga masu kimiyya da fasaha da ilmin zamantakewa. Dalilin da aka bayar shi ne, dubban ɗalibai suna rasa gurbi kowace shekara saboda darasin da ba shi da alaƙa da abin da za su karanta. Masu suka suka ce wannan zai sa yara su yi watsi da lissafi tun daga aji ɗaya. Bayan 'yan kwanaki ma'aikatar ta sake fitar da bayani cewa har yanzu dole ne kowane ɗalibi ya yi rajistar lissafi da Ingilishi, ya kuma zauna jarrabawarsu. Ke nan an bar ɗalibin adabi yana rubuta takardar da ta ƙunshi kalkulas, amma sakamakonta ba zai hana shi shiga jami'a ba. Babi na huɗu zai duba yadda malamai da ɗaliban wasu makarantu suka karɓi wannan mataki.