Annobar Bushiya da Sāke Ginin Garken Shanu a Ƙasar Hausa

Masu nazarin ƙarshen ƙarni na 19 sukan tsaya kan yaƙe-yaƙen sarakuna da isowar Turawa, su wuce wani babban al'amari da ya auku a ruga, watau annobar bushiya. Cutar ta shigo Afirka a shekarar 1887 ta tashar jiragen ruwa ta Masawa, a bakin Bahar Maliya, tare da shanun da aka kawo wa sojojin Italiya. Daga can ta bi burtali da mashaya ta yi yamma. Bafaranshen nan Monteil, wanda ya ratsa Sakkwato da Kano a 1891, ya ba da labarin ɓarnar da ya tarar ta yi a kan hanyarsa.

Saniyar da ta kamu takan fara da zazzaɓi, idanu na hawaye, baki ya yi gyambo, sa'an nan zawo mai tsanani ya biyo baya. Kafin mako biyu ta faɗi. A garken da bai taɓa saninta ba, sau da yawa tara cikin goma ke mutuwa, amma wadda ta tsira ba ta ƙara kamuwa.

Ba a gane nauyin wannan hasara sai an duba yadda shanu ke hayayyafa. Cikin saniya wata tara ne da 'yan kwanaki, kuma maraƙi ɗaya take haifa. Karsanar Bunaji da ke kiwon daji ba ta cika haihuwar fari ba sai ta kai shekara huɗu ko fiye, tsakanin haihuwa da haihuwa kuwa yakan kusa shekara biyu. Rabin abin da aka haifa maza ne, waɗansu kuma rani kan ɗauke su. Ashe garken da ya ƙare cikin wata guda, mayar da shi aikin shekaru masu yawa ne.

Har wa yau, nono yana rataye da haihuwa. Saniya mai tozo ba ta sakin nono sai ɗanta ya fara tsotsa, don haka mutuwar maraƙi kan busar da ƙwarya. Nono kuwa hakkin matar gida ne: da kindirmo da man shanu take samo gero da gishiri a kasuwa. Da shanu suka ƙare, wannan ciniki ya tsaya, manomi kuma ya rasa takin da garke ke bar masa bayan kaka. Makiyaya da yawa suka koma noma. Waɗanda suka dage sun dogara ga al'adu irin haɓɓanaye na Woɗaaɓe, inda mutum kan ba ɗan'uwansa aron karsana, ya riƙe ta har ta haihu sau biyu ko uku, 'ya'yan su zama nasa, uwar ta koma gidan mai ita.

Magani ya zo sannu a hankali. A 1924 aka kafa ɗakin binciken cututtukan dabbobi a Vom, inda aka riƙa yin maganin rigakafi. A 1962 Nijeriya da Nijar da Kamaru da Cadi suka fara gangamin allura na haɗin gwiwa a yankin Tafkin Cadi. Da aka sassauta, cutar ta sāke ɓarkewa a Nijeriya a 1983, ta yi ɓarna ƙwarai. Sai a 2011 aka tabbatar an kawar da ita daga duniya baki ɗaya.

Lalle wanda zai rubuta tarihin arzikin ƙasar Hausa tun daga 1890, ya kamata ya sa lissafin karsana da maraƙinta a cikin hujjojinsa, gama da wannan lissafi ne makiyayi ke auna shekarunsa.